Waiwaye: Daga Bagaruwa Zuwa Kuromiyom

Kafin injuna su iso Bompai da Sharaɗa da Challawa, da bagaruwa majeman Kano suke jima. Ruwan da suke zubarwa yana da wari, ba musu, amma dattinsa na itace ne da na dabba, ƙasa tana iya cinye shi. Masana'antu kuwa da gishirin kuromiyom suka zo, dabarar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Jimar makonni ta koma ta kwana ɗaya. Sai dai fata ba ta shanye gishirin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku yakan bi ruwa. Rafin Getsi ya kai na Bompai Jakara, Salanta ya kai na Sharaɗa Kogin Challawa, masu noman rani kuma suna ba latas da alayyahu ruwa a bakin gaɓa.

Indiya ta riga mu shan wannan wuya. A 1996 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci kan masana'antun fata na jihar Tamil Nadu da suka ɓata Kogin Palar: ko su tace ruwansu ko a rufe su, kuma wanda ya ɓata shi zai biya diyya. Aka gina matatu na haɗin gwiwa. Ruwa yakan fara shiga tankunan da ake hura wa iska, inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye maiƙo da ragowar nama. Akwai ma irin bakteriyar da ke juya kuromiyom mai lamba 6, wanda ke jawo sankara, ya koma mai lamba 3, wanda ke kwantawa cikin laka. Daga nan sai famfo ya matsa ruwan ta cikin wata siririyar leda mai ƙofofin da ido ba ya gani, tamkar rariya: ruwa ya wuce, ƙarfe da gishiri su tsaya.

Ruwa ya fito garau, amma wani aiki ya taso. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Bakteriya kama kawai ta sauya masa, leda kuma tara shi ta yi wuri ɗaya. Aka wayi gari da tulin laka mai guba da tsibin gishirin da ba mai saye. A jibge su a fili, damina ɗaya ta isa ta mayar da su inda suka fito. Ga kuma wuta: iska ta tsaya, bakteriya ta mutu; maiƙo ya yi yawa, leda ta toshe. Wanda ya san halin lantarki a Kano ba sai an yi masa bayani ba.

A ganina, dabarar da aka yi a birnin Kanpur na Indiya ta fi dacewa mu fara da ita, ko da yake ba ta da kwarjinin da za a kira gwamna ya yanke ƙyalle. Ruwan da ya fito daga gangar jima, a ware shi kafin ya gauraya da sauran. A zuba masa garin maganiziyom oksayid, kuromiyom ya kwanta, a narkar da shi da asid, a mayar ganga a sake jima da shi. Mai masana'anta ya rage kuɗin sinadari, ledar tacewa ta ƙara daɗewa, lakar da ta rage ta yi sauƙin guba. Duk jami'in muhallin da ya shiga masana'antar fata a Challawa, kafin a zagaya da shi manyan tankuna, ya nemi a nuna masa kwatar da ke fita daga gangar jima, ya bi ta da ƙafa har inda take zubewa.