Jikokin Fatake Sun Rasa Inda Za Su Taka

A kowane zango namu, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku, akwai wata Hajiya da kowa ya sani. Ta je asibiti da ciwon kai da jiri, aka ɗaura mata abin awo a damtse, ma'aikaciyar jinya ta ce jininta ya hau, sai ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta riƙa tafiya a ƙasa rabin sa'a kullum. Ta dawo gida da niyya mai kyau. Kwana biyu tana fita bayan sallar asuba, da hijabinta har ƙasa da takalmin roba. A rana ta uku samarin bakin shago suka tambaye ta ko babur ɗin Alhaji ne ya lalace. Maƙwabciya ta aiko yarinya ta ji ko lafiya. Kafin azahar magana ta kai kunnen uwar miji cewa matar ɗanta ta tsiri yawon asuba irin na Turawa. Daga ranar ba ta ƙara fita ba.

Mu muka mayar da ita ɗaki, kuma da bakinmu muka yi. Hujjar da muke kafawa ita ce wai motsa jiki ba al'adarmu ba ce, abin matan Ingila ne da suka ƙoshi suka rasa aikin yi. To, mu duba al'adar tamu.

Da ƙafa muka zo ƙasar nan. Kakanninmu fataken goro ne, suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato a bayan madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su yada zango a Yendi, su sauke kaya a kasuwar Salaga bayan watanni a hanya. Kuma ba maza kaɗai ba ne a ayarin. A 1826 Baturen nan Clapperton ya haɗu da ayarin Gwanja a Kaiama, ya rubuta cewa mutanen cikinsa sun haura dubu, maza da mata. Ba za mu yi wa tarihin kwalliya ba: da yawa daga matan da suka ɗauki kayan a ka bayi ne, kuma kasuwar Salaga ta sayar da mutane kamar yadda ta sayar da goro. Ba wanda yake kewar wannan zamani. Abin da muke nufi shi ne, ƙafar mace a kan hanya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da ƙafa matan suka isa Kete-Krachi da Yeji, da goyo a baya.

A cikin gida ma haka abin yake. Kakarmu ta tashi da tabarya a hannu: surfe, daka, lugude da maƙwabta, niƙa a kan dutse, jan guga a rijiyoyin da suka sa ake yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu. Da dare 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa har gumi ya jiƙa zane, da rana su buga ampe da 'ya'yan Dagomba da Gonja da Kusasi. Sai nikanika ta zo ta karɓi aikin dutse da turmi, famfo da ruwan leda suka rage zuwa rijiya, babur da keke mai ƙafa uku suka haɗiye tafiyar kasuwa, waya ta cinye dandali. Alhamdu lillahi, wahala ta ragu, kuma duk namijin da yake son a koma ga turmi sai ya fara ɗaukar tabaryar da kansa. Amma jiki bai san an ƙera inji ba. Abin da aka cire masa ba a mayar masa da komai a gurbinsa ba, tuwon kuwa yana nan yadda yake, har an ƙara masa lemon kwalba.

Za a ce aikin gida ya ishi mace. Wace mace? Wadda take ɗaukar jarka a ka da rani a bayan garin Yendi, ko ƙanwarmu da ta tafi dako kasuwannin Kumasi, ita hutu take bukata, ba mu da abin koya mata. Maganarmu a kan ɗaya macen ce, wadda ta fi yawa a zango yanzu: mai koko da ƙosai da take zaune a kan kujera 'yar tsugune tun duhun asuba, mai wake da shinkafa, mai shagon atamfa, mai keken ɗinki, matar da ke da 'yan aike uku a gida. Tana gajiya ƙwarai, bayanta yana ciwo, gwiwa tana ƙara, amma gajiya daban, motsin da ke sa zuciya ta buga da sauri daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar sauri da mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya waƙa ba, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Rabin sa'a ke nan sau biyar. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a Ghana a 2014 ya samu mata huɗu cikin goma, masu shekara 15 zuwa 49, da nauyin da ya wuce kima. Abin ya fi yawa a kudu da birane, gaskiya ne, amma mu mutanen kasuwa ne, rayuwar birni muke yi ko da garin ƙarami ne.

Mun kuma ɗaura wa ƙiba rawani. Amarya ta yi wata shida ba ta cika ba, sai a ce miji ba ya riƙo. Saboda wannan magana 'yan mata suke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe, alhali wasunsu magunguna ne masu ta da sukari da hawan jini. Idan Hajiya ta faɗi a banɗaki rabin jiki ya shanye, sai mu ce jifa ne, mu shiga neman wanda ya yi. Da wuya a tuna da samarin bakin shago.

Su matan Ingilan da muke yi wa dariya, ciwonmu ɗaya da su. A 2015 hukumar wasanni ta Sport England ta ƙaddamar da gangami na musamman domin mata, bayan bincikenta ya nuna cewa babban abin da ke hana su fita shi ne tsoron bakin mutane: a ce ta yi ƙiba, ta yi gumi, ta bar yara ta tafi wasa. Bambancin shi ne su sun ɗauki bakin mutane a matsayin cutar da za a yi wa magani. Kuma abin da ya fi karɓuwa a wurinsu ba ya cin ko kwabo. Tsarin parkrun ya fara ne a 2004 a wani lambu a Landan da masu gudu 13: kilomita 5 kowace safiyar Asabar, kyauta, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ta yi tafiya, tsohuwa da jikarta. Ba na'ura, ba kuɗin wata. Fili ne da lokaci da abokan tafiya, kuma duka ukun muna da su.

Saura maganar kunya da addini, wadda ita ce mafakar ƙarshe. Muna girmama ta. Ƙungiyoyin motsa jikin da suke cika tituna ranar Asabar da ganguna, maza da mata a cakuɗe, ba kowace matar zango za ta shiga ba, kuma ba mu ce ta shiga ba. Amma malamanmu sun san ruwayar Abu Dawud cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Mun sha jin wa'azi a kan tsawon hijabi. Sau nawa aka karanta mana wannan a kan mumbari? Maza kuma suna da filin ƙwallo kowace yamma, har da masu furfura ranar Lahadi, ba wanda ya taɓa tambayar su ko babur ya lalace. Da Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, ta ci ƙwallo 7 ta ɗauki takalmin zinare a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguay a 2018, duk mun yi tafi muna cewa tamu ce. Da a gidanmu aka haife ta, da tun tana shekara goma an ƙwace ƙwallon.

Abin da muke nema a hannun Sarkin Zango da Magajiya da limamai yake, ba sai an jira gwamnati ba. A buɗe filin makarantar Islamiyya ko na firamare daga sallame asuba zuwa fitowar rana, kwana uku a mako, mata zalla, dattijuwa ɗaya a bakin ƙofa. Ƙungiyoyin adashi da na biki, waɗanda suke iya tara mata hamsin da anko cikin kwana biyu, su ne za su tara su. A gayyaci ma'aikaciyar jinya sau ɗaya a wata ta zo da abin awon jini. Liman ya faɗa ranar Juma'a, da bakinsa, cewa wanda ya yi wa mai tafiya ba'a ya yi laifi. A Bawku, inda rikici da dokar hana fita suka sha tsare mutane a gida, ba za mu ce kowa ta fita da duhu ba. Tsakar gida ta isa, mata biyar su kewaya ta tare, su tashi su zauna a kan benci sau goma-goma, su ɗaga galan ɗin ruwa. Alhaji kuma, idan da gaske tsaron mutuncin iyalinsa ne ya dame shi, ya ajiye makullin babur ya raka ta.