FILIN GIDA DA GONA: A gyara gida kafin mai saye ya yi sallama

A wannan wata filin zai yi magana a kan sayar da gida. Abin da ya kawo maganar wani al'amari ne da ya faru a Tasawa.

Wani tsoho ya rasu, ya bar gida mai ɗaki biyar da zaure. Ya bar mata ɗaya da ɗiya shida, maza huɗu, mata biyu. Ɗiyan duk sun watse neman abinci, wasu Maraɗi, wasu Damagaram, ɗaya tana aure a Kano. Tsohuwa ta koma wurin babban ɗanta. Gida ya yi damina uku ba kowa ciki sai awakin maƙwabta. Ga kuma bashin jinyar marigayi ba a biya ba.

Babban ɗan, dattijo ne mai shekara 55, ya ga in an ƙara damina ɗaya, kango za a raba wa magada. Sai ya faɗa wa dillali. A zatonsa wani attajiri zai zo ya rushe wurin ya gina mangaza. Amma wanda dillali ya kawo saurayi ne ɗan shekara 32, mai aikin walda, wanda ya yi shekara tara a Yamai yana tara kuɗɗinsa jika-jika.

Bayan gaisuwa saurayi ya ce: "Baba, ina takardar gida?"

Dattijo ya ce: "Wace takarda, ɗana? Duk unguwa an san gidan mahaifinmu ne."

Ya ce: "Gaskiya ne, Baba. Amma waɗanda sunka sani wata rana ba su nan. Ku nawa ne magada?"

"Mu shida, da tsohuwa bakwai."

"Duka sun yarda a sayar?"

Dattijo ya yi shiru, don ƙanwarsa ta Kano ko labari ba ta ji ba.

Saurayi ya shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa azara da makulli, gari ya zubo, gara ta gama da cikinta. Ya ga zanen ruwa a jikin bango, tsawon kamu ɗaya daga ƙasa. Ya leƙa makewayi, ya tarar salga ta cika. Ya dawo zaure ya durƙusa ya ce: "Baba, a yi mini haƙuri. Gumin shekara tara ne a hannuna. Ba ni iya sayen shari'a da shi." Ya yi sallama ya tafi.

Dattijo ya koma gida da fushi, yana cewa yaran zamani ba su da kunya. Tsohuwa ta ce masa: "Yaron nan bai zage ka ba. Aibin gidan ubanka ya nuna maka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Da ya kwana ya tashi, ya ga gaskiyarta. Ya yi wata biyar yana gyara. Ga abin da ya yi, kuma shi ya kamata duk mai son sayar da gida ya yi.

Na farko, a haɗa kan magada

Gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne, ko shi ne babba. Mace tana da rabonta, wanda ke nesa yana da rabonsa, maraya ma haka. A kira kowa, a zauna gaban liman ko alƙali, da mai unguwa. Wanda ba ya iya zuwa ya ba da wakilci a rubuce. Malamai sun ce wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba, shi ya fi baƙo haƙƙin saye in yana so. Saboda haka a fara tambayar ƴan gida. Dattijo ya yi mota har Kano. Ƙanwarsa ta yi kuka, ta yi faɗa don an manta da ita, bayan nan ta sa hannu.

Na biyu, a nemi takarda

A cikin gari, inda anka yanka filaye, takardar da ake fara tambaya ita ce ta meri, wadda ake kira akt da sesiyo. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce titir fonsiye. A karkara kuwa, dokar filaye ta 1993 ta kafa hukumomin da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har zuwa komin da departama. Su ke ba da takardar shaidar mallaka da ta ciniki. Wanda takardarsa ta ɓata ko gara ta ci, ya je meri tun da wuri, don aikin biro ba ya ƙarewa rana ɗaya. A duba sunan da ke kan takarda. A auna fili a ga ko ya dace da abin da anka rubuta. In katanga ta shiga hanya ko filin maƙwabci, a warware tun kafin ciniki.

Na uku, a fara da sama da ƙasa

Ruwa shi ne babban abokin gaban gida. In rufin ƙasa ne, a sake azarar da gara ta ci, a ƙara ƙasa, a daɓe, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango. In rufin kwano ne, a toshe huda, a sake wanda ya yi tsatsa, a ƙara ƙusa saboda iskar farkon damina. A cike gindin bango, a yi yaɓe. A buɗe kwata ruwa ya samu hanyar fita daga tsakar gida. A yashe salga ko a haƙa sabuwa, a yi mata marufi, kuma kada ta kusanci rijiya.

Na huɗu, a share, a biya bashi

A fitar da dabbobi da tarkace. Tsohuwar taya, da fasasshen tulu, da buhunan da ba a amfani da su suna sa babban ɗaki ya zama ƙarami ga ido. A shafa farar ƙasa. A sassabe reshen da ke gogar rufi, amma kada a sare itacen inuwa, don dogon yaro a tsakar gida yana ƙara wa gida daraja. In akwai wuta da famfo, a biya bashinsu, a ajiye takardun biya. In akwai ƴan haya, a faɗa masu da wuri, a ba su lokacin neman wani wuri.

Na biyar, kada a ɓoye aibi

Akwai mai shafa siminti a kan tsaga don ya rufe idon mai saye. Wannan ha'inci ne, kuma damina ɗaya ke tona shi. A shari'ar Musulunci, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da anka ɓoye masa yana da ikon mai da shi. Gara a ce: "Ga abin da na gyara, ga abin da ya rage, a rage shi cikin kuɗɗi." A kuma yi magana da dillali a kan la'adarsa tun farko, gaban shaidu.

Me ya sa samari ke barin babban birni?

Mai waldan nan ba shi kaɗai ba ne. Akwai malaman lakwal, da ma'aikatan likita, da masu gyaran salula da babur, waɗanda sunka fi son sayen gida a Tasawa, ko Madawa, ko Birnin Ƙwanni, ko Matamai, ko Dogondutsi. Mai sayar da gida ya kamata ya san dalilansu, don su ne masu sayensa.

Dalili na farko tsada ce. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su kai 400,000 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan ɗaya. Inda mutane sunka yi yawa, fili da haya sai su yi tsada. Filin da saurayi ke iya saye yana can bayan gari, sau da yawa ba famfo, ba wuta, ba hanya mai kyau. Kowace safiya sai ya biya taksi ko kabu-kabu zuwa wurin aiki. Mai haya kuwa, ya shekara tara yana biya, ranar da ya tashi ko tubali ɗaya ba nasa ba ne.

Dalili na biyu ruwa ne. Fili mai araha a babban birni sau da yawa yana cikin kwari. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya cika ya fasa madatsa, ya ci gidaje a Lamorde da wasu unguwannin Yamai. Wanda ya kwana da iyalinsa a ajin lakwal saboda ambaliya ba ya sake sayen gida bai tambayi maƙwabta inda ruwan Agusta ke tsayawa ba.

Dalili na uku karatu ne. Da can jami'ar gwamnati ɗaya ce, tana Yamai. A 2010 anka kafa jami'o'i a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. A 2014 anka ƙara na Agadas, da Difa, da Doso, da Tilaberi. Uba da ke Tasawa yanzu yana da jami'a gabas da shi, yana da wata yamma da shi, duk a bisa babbar hanyar kwalta.

Dalili na huɗu sana'a ce. Albasar Galmi tana fita har Abijan da Akara. Akwai noman rani a Ƙwanni da Jiratawa. Akwai gidan siminti a Malbaza, akwai matatar man fetur kusa da Damagaram tun 2011. Akwai fatauci ta Ilela, da Jibiya, da Magarya. Duk inda injin ban ruwa da kamyo da amalanke ke aiki, ana neman mai walda da makaniki. A Yamai masu sana'arsa sun yi yawa. A ƙaramin gari ana zuwa nemansa har gida. Ga salula kuma ta rage nisa: ana aiko hoton aiki ta WhatsApp, ana aika kuɗɗi a karɓa a yini ɗaya.

Dalili na biyar gona ce da iyaye. Mai gida a garinsu yana noma damman hatsi da ɗan wake, yana kiwon tumaki biyu ko uku. Abin da ya ci daga rumbunsa bai saye shi a kasuwa ba. In tsohuwa ba ta da lafiya, ba sai ya yi tafiyar kusan kilomita 800 daga Yamai ba.

Amma a yi hattara

Ƙaramin gari ma yana da wahalarsa. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kasuwannin bakin iyaka sun ji jiki. Da anka yanke wutar da ke zuwa daga can a 2023, masu walda da masu niƙa sun yi kwanaki hannu a rataye. Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan sha. Ambaliya kuma ba ta san babban gari ko ƙarami ba: a Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram. Don haka saurayi ya fara tabbatar da inda zai ci abinci kafin ya sayi inda zai kwana. Ya tambayi rijiya da famfo, ya tambayi likita da lakwal. Ya je ya ga gidan da idonsa, in da hali bayan an yi ruwa mai yawa. Kada ya ba da ko dala sai a gaban shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai meri a sake suna.

Yadda anka ƙare

Ƙarshen watan Agusta anka yi ruwa tun dare har hantsi. Da anka ɗauke, dattijo ya sa dillali ya kira saurayin nan. Ya zo ya tarar da ɗakuna a bushe, tsakar gida ba tafki, indararo yana ɗiga waje. Dattijo ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya aje takardar meri da takardar yardar magada mai hannu bakwai. Ya ce: "Ɗana, ɗakin kudu ban taɓa shi ba, kuɗɗi sun ƙare. Bangonsa yana son aiki. Ka gani da idonka."

Saurayi ya ce: "Baba, tunda kai ka faɗa da bakinka, na yarda da sauran." Anka rage kuɗɗin ɗakin kudu, anka yi ciniki, anka shafa fatiha. Washegari sunka tafi meri tare.

Ga lissafi don ƴan ajin yaƙi da jahilci. A ɗauka bayan an fid da bashin mamaci, da kuɗɗin gyara, da la'adar dillali, saura miliyan 4 na sefa, kuma mamacin bai bar uwa ko uba ba. Matarsa tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas: jika 500. Saura jika 3,500. Namiji yana da kashi biyu, mace kashi ɗaya. Maza huɗu kashi takwas, mata biyu kashi biyu, duka kashi goma. Kowane kashi jika 350 ke nan. Namiji ya samu jika 700, mace jika 350. A sake lissafin a allo, a ga ko ya cika miliyan 4.

Yanzu mai walda ya kafa rumfarsa a ƙofar zauren nan. Ya yi wa tsohuwa alkawari duk ranar da ta yi marmarin ganin ɗakinta, ƙofa a buɗe take. Ta je sau biyu, ta zauna a inuwar dogon yaron da mijinta ya dasa.

Wanda ke da gidan da ba kowa ciki, ya hau rufi ya duba tun yanzu da rani bai yi nisa ba. Wanda ke da takarda a ƙasan akwati, ya fito da ita ya kai a karanta masa, ko ya shiga aji ya koyi karanta ta da kansa. Allah ya ba da zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.