Kunnen Maharbi Ya Fi Naman Da Ya Harbo Tsada

Duk wanda ya san farauta ya san kunne ne ke fara aiki kafin ido. Motsin gada cikin busasshen ganye, tashin fakara daga ciyawa, haushin kare daga nesa, muryar abokin tafiya da ke gargaɗin kada a saki wuta ta wajensa, duk ta kunne suke iso wa maharbi. Don haka idan likita ya ce masa ya toshe kunne kafin ya ja kunama, shi kuwa ya yi dariya, bai kamata a yi masa kallon jahili ba. Yana da hujja. Sai dai hujjar ta rasa ƙarfinta tun da aka ƙero makarin kunne mai aiki da batir, wanda ke barin ƙananan sautuka su wuce amma ya tare ƙarar harbi. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za a zaɓe shi, kuma a ganina yawancin masu saye suna duba abin da bai fi muhimmanci ba.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce kimanin 60 ba. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta ce kada a wuce awa takwas cikin ƙara mai desibel 85, ƙarar da ke fashewa farat ɗaya kuwa kada ta haura 140 ko da sau ɗaya. Ƙaramar bindiga samfurin .22 tana kaiwa wajen 140 ɗin nan, manyan bindigogin farauta kuma suna kaiwa 160, wasu har su zarce. Ma'aunin yana da yaudara, domin ƙarin desibel 20 na nufin bugun iskar da ke dukan kunne ya ninka sau goma. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu siraran gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Siririn sauti ne ke fara ɓacewa, shi ya sa dattijon da zai rantse ya shekara talatin yana harbi kuma yana ji garau, shi ne wanda a kasuwa ko wurin ɗaurin aure yake jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi. Likitocin kunne sun daɗe da lura cewa mai harbi da dama kunnensa na hagu ne ke fin lalacewa, saboda shi ke fuskantar bakin bindiga yayin da kai ke kāre na dama. Tsufa ba ya zaɓar kunne ɗaya haka.

A garin Beaver Dam na jihar Wisconsin an yi wani bincike kan maza masu shekara 48 zuwa 92, aka wallafa shi a 2000. An gano cewa duk shekara biyar da mutum ya yi yana farauta, haɗarin rasa jin siririn sauti yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Amma adadin da ya fi jan hankali wani ne daban: kashi 95 cikin 100 na mafarautan sun ce a shekarar da ta gabata ba su taɓa kāre kunnensu yayin harbi ba, alhali cikin masu zuwa filin gwajin harbi kashi 38 ne suka faɗi haka. Mutanen yanki ɗaya ne, sanin haɗarin ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne wanda ke filin gwaji ba ya buƙatar sauraren komai, wanda ke dawa kuwa yana buƙata. Ke nan wa'azi ba zai gyara wannan ba, kayan aiki ne zai gyara.

Yadda makarin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ƙoƙo biyu ne masu soso a ciki da ke rufe kunnuwa ruf, a waje akwai ƙaramin makirufo, a ciki ƙaramar lasifika. Makirufon na ɗauko sautin daji ya miƙa wa kunne, har ya ƙara masa ƙarfi idan an murɗa. Da sauti ya kai wani mataki, misali desibel 82 a samfurin Howard Leight Impact Sport, sai na'urar ta daina ƙarawa, ta bar ƙoƙon ya yi aikinsa. A nan mai saye ya kamata ya tsaya ya yi tunani: ba lantarkin ne ke kāre kunne ba. Ƙoƙon da soson da yadda suka manne da fata su ne kariya, lantarki kuwa jin da suka ƙwace ne yake dawowa da shi. Wanda ya biya kuɗi saboda makarin yana haɗuwa da waya ko yana ƙara sauti ninki biyar, bai tambayi nawa yake tarewa ba, ya sayi sirdi ne bai duba dokin ba.

Abin tambaya na farko shi ne lambar da ke jikin kwali, wadda a Amurka ake kira NRR, a Turai kuma SNR. Matoshin soso mai kyau yana kaiwa NRR 33, amma siraran makaran batir da mafarauta ke so yawanci 22 ne ko 23. Ko da an yi lissafi na sauƙi an cire 22 daga 160, saura 138, daf da iyaka ke nan, kuma lambar a ɗakin gwaji aka samo ta, a daji kariyar ba ta kaiwa haka. Ƙafar tabarau, bakin hula, rawani ko yawan gashi, kowanne yana buɗe wa ƙara kafa. Haka ma gindin bindiga idan ya ɗaga ƙoƙon a daidai lokacin da aka kwantar da kunci za a harba. Saboda haka mai babbar bindiga ya sa soso a ciki sannan ya ɗora makarin a kai ya ƙara muryarsa. Haɗin ba ya ninka kariya, kimanin desibel 5 yake ƙarawa a kan lambar da ta fi girma, amma a wannan mataki 5 ba wasa ba ne. Inda zafi ke sa gumi ya jiƙa ƙoƙo har mutum ya tuɓe shi, gara nau'in da ake cusawa cikin ramin kunne, muddin bakinsa ya dace da kunnen mai shi.

Wani zai ce ai sunan babban kamfani ya wadatar. Kamfanin 3M ya sayar wa sojojin Amurka wani matoshi mai suna Combat Arms har zuwa 2015, tsofaffin sojoji fiye da 200,000 suka kai ƙara suna cewa yana sassautowa a kunne ba tare da mai shi ya sani ba, kuma a 2023 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 6, ko da yake bai amsa laifi ba. Wancan matoshin ba na batir ba ne, amma abin da aka yi shari'a a kansa shi ne zama daram a kunne. Idan ana iya irin wannan gardama kan kayan da gwamnati ta saya, ina ga kwaikwayon da ake tallarsa a intanet ba lamba ba sunan maƙeri? Araha ba ta ado. Gwaji mafi sauƙi shi ne a sa makarin a kashe shi, a saurara. Idan duniya ba ta yi tsit ba, a mayar wa mai shago abinsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne batun gane inda sauti ya fito, kuma gaskiya ne. Lanƙwasar fatar kunne ce ke taimaka wa mutum ya bambance gaba da baya, ƙoƙo kuwa yana rufe ta. Makarin da ke da makirufo daban a kowane kunne yana riƙe bambancin dama da hagu, sabawa da shi kuma tana rage sauran matsalar, amma ba zai kai kunnen da Allah ya halitta ba. Sai dai wannan ragi na awannin farauta ne, wanda harbi ke yi kuwa na har abada ne, kuma kunnen da ya lalace ɓari ɗaya shi ma ya rasa sanin dama da hagu. Batun kuɗi ma haka: makari mai kyau dala 'yan gomomi ne, na'urar taimakon ji kuwa ɗaruruwa zuwa dubbai, kuma ba ta mayar da abin da ya tafi.

Maganar ba ta tsaya ga Turawa ba. Ƙungiyoyin maharba a Arewa, da 'yan sa-kai da ke tsaron ƙauyuka, da 'yan bindigar da ke buga albarushi a hawan Sallah, duk kunne iri ɗaya gare su da na mutanen Wisconsin. Shugabanninsu su haɗa kuɗi su sayi 'yan kaɗan masu inganci a riƙa karɓa-karɓa, wanda bai samu ba ya sa soso a ranar gwaji da ranar biki, inda ba a buƙatar sauraren nama. Wanda kuma kunnensa ya fara yi masa kuka bayan harbi, ya je a auna jinsa, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko a asibitin koyarwa mafi kusa da shi.