Hasken da Ke Bakin Baƙin Rami

Tun ranar 10 ga Afrilu, 2019, da masana suka fitar da hoton nan mai kama da zoben wuta, ake ta cewa an ɗauki hoton baƙin rami. Ni dai wannan lafazi bai kwanta mini ba. Baƙin rami ba ya ɗaukuwa a hoto, domin ko haske ne ya faɗa cikinsa, ba shi da mafita. Abin da na'urorin hangen nesa suka kamo daga tsakiyar gungun taurari na M87 shi ne hasken abin da ke kewaya bakin ramin. Har launin garwashin nan ma masana ne suka shafa masa, don igiyoyin rediyo suka kama, waɗanda ido ba ya gani.

Sunan abin filasma, wato iskar gas da zafi ya tsananta mata har ƙwayoyin zarrarta suka rabu da ilaktiron ɗinsu. Mai karatu ya sha ganinta, don walƙiyar damina ita ce. Idan ramin ya jawo ta, ba ta faɗawa kai tsaye. Sai ta yi ta juyawa kamar faifai, na ciki ya fi na waje sauri, suna gogayya, zafi yana hauhawa. Ilaktiron kuma, da yake suna ɗauke da lantarki, maganaɗisun wurin yana murɗa tafiyarsu alhali gudunsu ya kusa na haske, kuma kowace murɗawa sai sun zubar da haske.

Lissafin ne ya fi ba ni mamaki. Rana, duk da zafinta, ba ta mayar da ko kashi 1 cikin 100 na nauyin makamashinta ya zama ƙarfi. Faifan da ke kewaya baƙin rami yana iya mayar da kashi 6, har zuwa kusan 40 idan ramin yana juyawa da sauri. Ashe mafi duhun abu a sararin samaniya shi ne murhun da ya fi kowane ci.

Tauraron niyutiron ma haka yake. Faɗinsa bai wuce kimanin kilomita 20 ba, amma ya fi rana nauyi. Wanda ya rage daga fashewar da masana taurarin Sin suka rubuta labarinta a 1054 yana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa, yana watsa haske kamar fitilar mai gadi. Jocelyn Bell, ɗaliba a Kambirij, ita ta fara jin bugun irin waɗannan taurari a 1967. Har yau masana ba su daddale kan takamaiman yadda filasmarsu ke haifar da wannan bugu na rediyo ba.