Ra'ayinmu: Wa Zai Gina Mana Katangar Kariya?

Da zarar an ambaci nukiliya a zauren ɗalibai, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima cikin 1945. Wannan tsoro ya sa da yawa daga cikinmu suna gudun fannin, alhali kuwa ƙasarmu ta daɗe da shiga cikinsa. Tun 1976 aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. A 2004 kuma aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, mai ƙarfin kilowat 30. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara haƙo yuraniyam a Arlit tun 1971.

Tambayarmu ita ce: wa zai tsare jama'a daga haskokin da waɗannan abubuwa ke fitarwa? Ido ba ya ganin su, hanci ba ya jin su, amma suna ratsa jiki su lalata shi. Masanin kariya shi ne wanda ya san halin kowanne. Na alfa, takarda ɗaya ta isa ta tare shi. Na bita, sai farantin alminiyam. Na gama kuwa, sai dalma ko kankare mai kauri, domin dalma mai kaurin santimita ɗaya da 'yan kai rabin hasken kobal-60 kaɗai take ragewa. Shi kuma nutiron, ruwa da sinadarin boron ne maganinsa. Kuskuren lissafi a nan, ran ɗan Adam ne fansarsa.

Wanda ke ganin wasa ne, ya tuna da garin Goyaniya na ƙasar Brazil. A 1987 masu tsintar ƙarafa suka ɗauko na'urar gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka fasa murfinta. Garin siziyam-137 da ke ciki yana ƙyalli shuɗi, mutane suka riƙa rarraba shi don sha'awa. Huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka kuma auna jikin mutum wajen 112,000. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mu ma muna da irin waɗannan na'urori. Asibitocinmu na koyarwa suna ɗaukar hoton ƙashi, suna gasa ciwon daji. Kamfanonin mai suna duba haɗin bututu da hasken gama. Kowane ɗaki da ake irin wannan aiki yana bukatar wanda zai lissafa kaurin bangonsa, ya auna abin da ma'aikaci ya kwasa a shekara, ya kuma san inda za a adana na'urar in ta tsufa. In ba mu koya ba, sai dai mu yi ta hayar baƙi, su yi aiki su tafi da saninsu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗaliban lissafi, fizik da injiniya da su dubi wannan fanni da idon basira tun kafin su zaɓi aikin bincikensu na shekarar ƙarshe. Muna kuma roƙon gwamnatocin jihohinmu su ware guraben tallafin karatu domin sa, su tanadi aiki ga waɗanda suka gama, don kada a horar da yaro wata ƙasa ta ci moriyarsa. Tun ran gini ake zane.