NAMIJI MA A NA ZALUNTARSA

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Akwai wata ta'asa a ƙasar nan wadda kowa ya sani, amma ba mai son ambatonta, watau fyaɗen da a kan yi wa maza, yara da manya. Abin baƙin ciki kuwa, in abin ya auku, wanda a ka zalunta shi a ke tuhuma.

Ku dubi yadda mutane kan yanke hukunci. In namiji ne ya fi ƙarfin namiji, sai a ce, "Ƙato da shi, me ya hana shi kare kansa? Ai da yardarsa." In mace ce ta lalata yaro, sai a yi dariya, wai ya yi sa'a. In kuwa ɗan daudu ne, ko wanda a ka taɓa zargi da neman maza, to, shari'a ta ƙare tun ba a zauna ba. Sai ka ji a na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaushe halin mutum ya halatta a keta masa haddi?

Doka ma da nata laifin. Sashe na 282 na dokar Penal Code ta 1960 bai san fyaɗe ba sai wanda namiji ya yi wa mace. Sashe na 284 kuwa, mai hukunta luwaɗi da ɗaurin da kan kai shekara 14, shi ke sa mai ƙara tsoron kada reshe ya juye da mujiya. Sai ya yi shiru, azzalumi ya ci gaba.

Mun ga amfanin da shirun ya yi. A watan Satumba 2019 'yan sanda su ka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu kuma su ka ce an yi lalata da su.  

A 2015 an yi dokar VAPP, wadda ta yarda namiji ma a na yi masa fyaɗe. Amma doka a takarda ba ta share hawaye. Mu na kira ga mahukunta su umarci 'yan sanda da alƙalai su karɓi ƙarar namiji ba tare da ba'a ko barazana ba, a kuma rufa masa asiri. Ku kuma iyaye, in yaro ya kawo kuka, ku saurara, kada ku ɗauki bulala. Kunya ta azzalumi ce.

Allah ya bi wa talaka hakkinsa, amin.