Masu Zuwa Da Takardar Tambayoyi: Mu Kore Su Ko Mu Karɓe Su?



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne muhawarar da ta taso a taronmu na watan jiya. Wata ɗaliba ce ta zo ofishin ƙungiya daga wata jami'a, da takardar gabatarwa daga malaminta, tana neman izinin shiga gidaje ta yi tambayoyi a kan ruwan sha da banɗaki da magudanun ruwa. Da na karanta takardar a gaban taro, sai wani dattijo daga cikin iyayenmu ya miƙe ya ce, "Malam Sakatare, shekara nawa ana zuwa ana tambayarmu? Mutum nawa ne a ɗakinku, nawa kuke samu a rana, daga wane gari kuka zo. Su cika takardunsu su tafi, su zama daktoci da farfesoshi, mu kuwa kwatarmu tana nan yadda take. Wa ma ya sani ko ƙirga mu ake yi don a tashe mu?" Jama'a da yawa suka ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Ban ce komai ba a wurin, domin ba ya kyautuwa in yi jayayya da sa'an mahaifina a bainar jama'a. Amma na kwana da maganar, kuma ga ra'ayina: kada mu rufe wa masu bincike ƙofa, kada kuma mu ci gaba da buɗe ta a banza kamar yadda muka saba. Mu karɓe su bisa sharaɗi.

Da farko, tsoron Alhaji yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga mu kuma mazauna garin da ake kiranmu baƙi, duk wanda ya zo yana rubuta sunaye da yawan mutane dole gabanmu ya faɗi. Saboda haka ban ga laifin mai tsoro ba. Abin tambaya shi ne, idan mun rufe ƙofa, me za mu rasa?

Abu na farko da za mu rasa shi ne shaida. A 1962 zuwa 1963 wani malamin jami'a mai suna Abner Cohen ya zo daga Ingila ya gudanar da bincike a nan Sabo. Ya ƙirga mazauna unguwar ya sami mutum fiye da 4,000. Ya bi yadda ake cinikin shanu da goro, ya rubuta yadda masu gida ke sauke fatake su tsaya musu, da yadda mahauta Yarabawa ke karɓar shanu bashi ta hannun dillalai bisa amana. Littafinsa ya fito a 1969, kuma a ciki ya nuna cewa tun 1916 aka kafa Sabo. Bayansa, Farfesa Isaac Olawale Albert na Jami'ar Ibadan ya yi digirinsa na dakta a kan kwatanta Sabon Garin Kano da Sabo ta Ibadan. Shi kuma Mahdi Adamu, ɗanmu na Arewa, ya wallafa littafinsa a 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma.

To, jama'a, duk ranar da wani ya tashi ya ce jiya muka zo, da me za mu amsa masa? Kakanninmu da suka ga kafuwar Sabo sun riga mu gidan gaskiya. Abin da za mu iya ajiyewa a kan teburin kwamitin bincike ko na alƙali shi ne abin da aka rubuta. Da a ce dattawan 1962 sun kori wancan mutumin, da yau ba mu da wannan shaida. Ni da sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, na san bambancin mai takarda da mara takarda, domin na ɗanɗani zama duka biyun.

Abu na biyu shi ne lissafi. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yaran da aka haifa bayan waccan ƙidaya wasunsu yau suna da nasu 'ya'yan. Idan mun je ƙaramar hukuma neman ƙarin ajujuwa ko famfo ko ɗakin shan magani, tambayar farko ita ce ku nawa ne. In muka ce muna da yawa, sai a ce mu je za a duba. Amma in muka ce ga gida kaza, ga yara kaza da ba sa zuwa makaranta, ga rijiya kaza da aka auna ruwanta a ɗakin gwaji aka sami ƙwayoyin cuta, ga kuma sa hannun malamin jami'a, to magana ta canja. Haka nan ranar masifa. Kowa ya tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. A irin wannan rana, mai rubutaccen lissafin rumfarsa da hajarsa shi ke da bakin neman diyya.

Ku dubi kuma sha'anin ambaliya. Manyanmu ba su manta da ta kogin Ogunpa ta 1980 ba, mu kuma mun ga ta ranar 26 ga Agustan 2011, wadda ta ci rayuka fiye da 100 ta kuma lalata wani ɓangare na madatsar ruwa ta Eleyele. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don aikin magance ambaliya a Ibadan. Irin wannan aiki ba da ka ake yin sa ba. Masana ne ke auna ruwan sama, su zana taswira, su nuna inda za a faɗaɗa magudana da inda za a sa kwalbati, da gidajen da aikin zai ci. Unguwar da ta ƙi magana da mai zana taswira, za a zana ta ba da saninta ba, sai dai ta wayi gari ta ga jan fenti a bango.

Abu na uku ya shafi aljihunmu kai tsaye. Masu sayar da wake a Bodija sun san ɓarnar ƙwari, sun kuma san yadda wasu ke zuba fiya-fiya a buhu don tsoron asara. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Idan irin wannan magana ta tashi a kasuwannin Kudu, Bahaushe ake fara nunawa da yatsa, da mai laifi da mara laifi. Alhali kuwa bincike ya daɗe da samar da mafita. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, su suka gano hanyar adana wake a buhu mai rufi uku, wato leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure bakin kowace da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su shanye 'yar iskar da ke ciki su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Tun 2007 ake yaɗa wannan buhu da sunan PICS a Nijeriya da Nijar da maƙwabta. Wannan aikin jami'a ne da ya shigo har cikin rumfa ya kare ciniki da mutunci.

Amma akwai darasi na daban a wata ƙirƙirar. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a 2000. Sai dai sanyin yana samuwa ne idan ruwan yashin yana bushewa, shi ya sa dabarar ta fi aiki a busasshiyar iskar Arewa. A nan Ibadan da iska ke cike da laima, musamman da damina, amfaninta yana raguwa. Ashe ke nan abin da ya yi wa Dutse magani ba lalle ne ya yi wa Shasha ba. Tumaturin da ke ruɓewa a kwando bayan ya sha tafiya daga Kano yana bukatar a yi masa nasa binciken a nan, kuma ba wanda zai yi shi sai mun nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na huɗu shi ne doka. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin asali. Sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili da gida a ko'ina. Amma kundin nan dai, a sashe na 147, ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa minista, bai kuwa fayyace wane ne ɗan asali ba. Ta wannan kafa takardar indijin ta zama katanga tsakanin 'ya'yanmu da gurbin karatu da aikin gwamnati. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo sai a ce ya tafi garin da bai taɓa gani ba ya karɓo takarda. Kuka kaɗai ba zai gyara wannan ba. Sai an tattara misalai, yara nawa aka mayar, a wace shekara, da wane dalili, sannan lauya da ɗan majalisa su sami abin riƙewa. Wannan aiki ne da ɗaliban shari'a da malamansu za su iya yi tare da mu.

Duk da haka, jami'o'i ma suna da nasu laifin, kuma zan faɗa. A shekarun da na yi a wannan ofis na sa hannu a takardun izini da dama, amma da wuya ka ga wanda ya dawo ya ce ga abin da na gano. Rahoton yana can cikin ɗakin karatu da Turancin da ko ɗan sakandare bai iya warware shi. Mafi yawa kuma tambayar malaminsu suke zuwa da ita, ba tamu ba. Alhali jami'ar gwamnati ta jama'a ce, da dukiyar ƙasa aka gina ta, kuma asusun TETFund da aka kafa a 2011 don tallafa wa gine-gine da bincike a manyan makarantu kuɗin haraji ne. Daga Sabo zuwa ƙofar Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa tun 1948, mota ɗaya ce ta Mokola da Sango. Mu ma mu tambayi kanmu, sau nawa ƙungiya ta taɓa taka ƙafa can da bukatarta a rubuce?

Saboda haka ga shawarar da zan gabatar a taro mai zuwa, ina roƙon kowane mai gida ya tattauna ta da iyalinsa kafin ranar.

Na ɗaya, duk mai bincike ya fara zuwa ofishin ƙungiya da fadar Sarkin Hausawa da takardar jami'arsa, ya bayyana da Hausa abin da yake nema da wanda ya ba shi kuɗin aikin.

Na biyu, ba dole a kan kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin yarda, da ikon janye yardarsa ko da ya riga ya bayar. Kada a rubuta sunan kowa ko lambar gidansa a rahoto. In kuwa abin ya haɗa da ɗibar jini ko ba da magani, sai mun ga amincewar kwamitin da ke kula da ɗa'ar binciken lafiya.

Na uku, mace ce za ta shiga wurin mata, kuma a ɗauki 'ya'yanmu masu karatu su yi rakiya da tafinta, a biya su haƙƙinsu. Ta haka su ma za su koyi aikin.

Na huɗu, in an gama, mai bincike ya dawo ya karanta sakamako a gaban taro, ya bar mana kwafi ɗaya da taƙaitaccen bayani da Hausa, mu ajiye a ofis.

Na biyar, mu ma mu rubuta tambayoyinmu mu kai musu: ingancin ruwan rijiyoyinmu, yawan yaran da ba sa makaranta, asarar kayan gwari, da matsalar takardar indijin. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi mu muna da shi jibge.

Ita kuwa ɗalibar nan, na gaya mata ta dakata sai taro ya yanke hukunci. Ta ce, "Baba, zan jira." Ina fata idan ranar ta zo Alhaji da kansa zai karanta mata sharuɗɗan, domin tambayar da ya yi ita ta haife su. Wanda ke da gyara ko ƙari ya same ni a ofis bayan la'asar, ko ya aiko a rubuce mu buga a fitowa ta gaba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba mu ikon kare haƙƙinmu ta hanyar da ta dace. Wassalam.

Sakataren Ƙungiya